Sunan Iestyn a Allon Kulob

Cwmderw, ƙarshen Oktoba

Yaya Menna,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki Dilwyn, wanda yafi kowa kyau a gidanmu. Ya sanyin Kanada, ya ƙafar taki, ya maigida Huw? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama kaman kullum. Matata Glenys na gaisheki.

To ki samu kujera kafin ki karanta saura. Iestyn, ɗana na cikina, an kirashi tawagar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar Wales! Wasannin kakar nan yana ciki, kuma na farko da Fiji ranar Asabar an sa sunanshi a benci. Ni dama na faɗa tun yana rarrafe, ranar da ya sa kai ya ture kujerar Mama da Mama a kai. Wuyan nan nashi ai nawa ne, kowa ya sani. Da ba dan gwiwata ba da nima na buga ma ƙasa, ke shaida ce.

Da na shiga kulob ɗin zari-ruga na ƙauyenmu kowa sai siya mun giya yake. Har Elfed Watkins shugaban kwamiti, wanda rabonshi da dariya tun ranar aurenshi, yace "Dil, barka." Nace "Barka a zaune? Miƙe mana, uban ɗan wasan ƙasa ne ya shigo!"

Ga babban labarin kuma. Kin tuna allon katakon nan na saman murhu, inda ake rubuta duk ɗan kulob ɗinmu da ya taɓa buga ma Wales? Sunaye uku ne rak, na ƙarshen ma tun muna makaranta. To yanzu sun zama huɗu. Ina da makulli tunda ni ke yanke ciyawar fili, sai na ɗauko Tudor mai fenti da sassafe. Yace "Dil, ba sai yaron ya shiga fili ba tukun?" Nace "Kai dai riƙe burushi, tunani ba aikinka bane." Ya rangaɗa shi da ruwan zinare, IESTYN PROBERT, nace ya ɗan ƙara ma harufan girma akan na sauran. Yaya in kika gani sai kin yi kuka.

Ki gaida Huw, kice mashi yanzu yana da dangi a manya.

Ƙaninki,
Dilwyn


Halifax, farkon Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Dilwyn,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da Glenys. Ƙafa da sauƙi, Huw ma yana amsawa.

Na yi murna ƙwarai da labarin Iestyn. Na karanta wa Huw sau biyu, sannan na shiga ɗaki na yi kukana. Yaron ya sha wahala, ya cancanta.

Amma Dilwyn, kana cikin hankalinka kuwa? Kai da ka girma a kulob ɗin nan ka fi ni sanin ƙa'ida. Ba a ba mutum hular ƙasa, shaidar ya buga wa Wales, don ya zauna a benci. Sai takalminsa ya taka fili ana cikin wasa, ko da na ƙiftawar ido ne. Kafin nan ba ɗan wasan ƙasa ba ne, kuma sunansa bai halatta a allon nan ba. Baba ya yi shekaru yana goge allon, bai taɓa barin mu taɓa shi da yatsa ba.

Shin ka tambayi kwamiti? Ka tambayi yaron? Na san amsar, ina so dai in ga yadda za ka rubuta ta.

Batun gwiwarka kuma, ni shaida ce cewa daga kan katangar gidan su Glenys ka faɗo.

Ka ci gaba da rubuto mini. A waya ihunka kawai nake ji.

Yayarka mai ƙaunarka,
Menna


Cwmderw, tsakiyar Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, Glenys ta karanta ta manna ta a jikin firij dan in dinga gani.

Mun cinye Fiji. Mota guda muka cika daga ƙauye, tun daga kwari muke waƙa har Cardiff, ni ke jan baki kaman kullum. Wasa yayi daɗi, amma kocin nan bai sa Iestyn ba. Kowa na benci ya shiga sai shi. Yana zaune cikin ƙatuwar riga yana ɗumama katako har aka tashi. Na ƙwala ma kocin kira daga sama har muryata ta dishe, wani a gabana ya juyo yace "Malam, ɗanka ne?" Nace "Baka ga wuya ba?"

Washegari kwamiti suka kirani. Na tarar Elfed ya rataya tawul ɗin goge kofi akan sunan, ya danne da ƙusa biyu. Tawul, Yaya! Mai hoton tumaki!

Yace "Dilwyn, wa ya baka izini?"

Nace "Na rage maku aiki ne, ai godiya ya kamata."

Yace "Mutum ukun nan jini suka zubar kafin a rubuta su. Ga hukunci. Tawul na nan har a gama wasannin kaka. In yaron ya taka fili, a cire. In bai taka ba, kai da hannunka zaka kankare sunan, ranar Asabar, kulob a cike."

Nace "Elfed, ka tanadi giyar ban haƙuri dai." Nayi dariyata na fita. Amma in gaya maki gaskiya dariyar bata kai ƙasan matattakala ba.

Wasa na biyu da Ajantina ko a benci ba'a sashi ba. Yanzu duk ƙauye ance ni na jawo mashi rashin sa'a. Matar mai nama ta miƙo mun tsiran alade tana cewa "Ga uban mai zinare." Tudor kuwa in ya hangoni sai ya tsallaka titi.

Abin da yafi damuna shine wani ɗan banza ya ɗauki hoton allon kafin a rufe, ya tura ma 'yan tawaga. Yanzu a sansani wai Ranka-ya-daɗe suke kiranshi, in ya shigo cin abinci sai su miƙe. Na kirashi yaƙi ɗauka. Uwarshi yake kira, in yaji muryata a kusa sai yace ana nemanshi. Yaron da ni na koya mashi yadda ake kafa ƙafa in an duƙa an haɗa kai ana turereniya, a bayan gida, da buhun dankali.

Amma kar ki damu dani. Wasa biyu ya rage, kuma kocin nan komai taurin kanshi yana da ido.

Naki,
Dil


Halifax, bayan wasan Ostireliya

Ƙanena,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma gaida Glenys da haƙuri.

Mun kalli wasa na uku a gidan wani ɗan Wales, mutumin garin Llanelli, da ke kusa da mu. Na ga Iestyn ya dawo benci, na ga an tashe shi yana motsa jiki a gefen fili, na kuma ga an sake zaunar da shi. Huw ya fita waje don kada ya yi zagi a gidan mutane.

Yaron ya kira ni. Bai ce in gaya maka ba, bai kuma hana ni ba. Tsokanar 'yan tawaga ba ta dame shi ba, ya ce kowane sabo da irin tasa. Abin da ke hana shi sakewa shi ne hukuncin Elfed. Ya ce, "Goggo, duk lokacin da na zauna a bencin nan ba wasa nake gani ba, Baba nake gani a kan tsani da wuƙar kankare fenti, mutane suna kallo." Shi ya sa ba ya iya jin muryarka.

Saboda haka ga abin da za ka yi, kuma ba shawara ba ce. Kada ka je otal ɗinsu. Kada ka rubuta wa koci, na san ka fara. Ka je wasan ƙarshe, ka rera taken ƙasa, ka zauna.

In kuma ta kai ga kankarewa, ka sa rigarka mai kyau ka kankare. Fenti bai ƙare a duniya ba.

Yayarka,
Menna


Cwmderw, ƙarshen Nuwamba

YAYA MENNA!

Gaisuwa a tsaye, dan bana iya zama! Nasan kin gani a talabijin amma talabijin ƙarya yake, bari wanda yake wurin ya baki labari.

Na bi maganarki. Wasiƙar koci na jefata a murhu, duk da ta tsaru. Na sa wuƙar kankare fenti a aljihun kwat na tafi da ita Cardiff, nace in ta ɓaci daga mota sai tsani, a gama a huta. Kuma dan rashin sa'a kujerata kusa da ta Elfed.

Afirka ta Kudu, Yaya. Wannan ba mutane bane, kabad ne aka sa ma gajeren wando. Muna gaba da ɗan ƙiris, lokaci na ƙarewa, sun danne mu a bakin layinmu, inda in sun tsallaka zasu ci maki. Sau biyu ana haɗa kai a yi turereniya suna tura mu baya kaman amalanke. Alƙalin wasa ya ja kunne, in aka sake zai basu maki kyauta, shike nan an cinye mu. Sai ga ɗan gabanmu na dama, wanda Iestyn ke jiran gurbinshi, ya zauna a ƙasa yana riƙe haƙarƙari.

Na duba benci. Iestyn na cire ƙatuwar riga.

Na damƙi hannun Elfed nace "Elfed! Elfed!" Yace "Bai taka ba tukun." Yaron ya zo bakin layi, mataimakin alƙali mai tuta ya tare shi yana duba takalmi. Nace "Ka sakar mun ɗa, kai!" Elfed yace "Bai taka ba." Mutumin nan ko a coci haka yake. Sai naga ƙafar dama ta tsallaka farin layi. Elfed ya cire hularshi a hankali yace "Yanzu ya taka."

Ni kuwa na ma manta da allo. Dan wanda zai kara dashi wani basamude ne mai gemu har ƙirji, yana ma yaron murmushi irin na za'a ci nama. Nace a raina ya Allah ko ba suna, ka dawo mun dashi da wuyanshi.

Suka duƙa. Suka haɗu, ƙarar har sama muka jita. Da farko ba wanda ya motsa. Sai naga Iestyn ya sauke ƙugu, ya kafa ƙafa, taku ɗaya ƙarami, wani kuma. Mai gemu ya fara tashi sama kaman burodi a tanda! Kanshi ya fito fit, duk turereniyarsu ta watse, alƙali ya hura ya ɗaga hannu ɓangarenmu. Aka buga ƙwallo waje aka tashi!

Yaya, filin nan kaman zai tsage. Ƙattan tawaga suka rufe yaron suna marin kanshi. Wata mata da ban sani ba ta sumbaceni a ƙeya. Elfed kuwa, na rantse maki, kuka yake da majina, yana jijjigani yana cewa "Yaronmu ne, yaron Cwmderw ne!" Nace "Naku? Jiya ai nawa ne ni kaɗai!"

Ko da muka dawo ba tawul. Glenys da matan kicin ɗin kulob, da suka kalla a talabijin, sun fizge shi tun alƙali bai sauke hannu ba, basu jira wani kwamiti ba. Tudor na tsaye ƙarƙashin allo yana gaya ma kowa wai shi ya bada shawara. Matar mai nama ta aiko da cinyar rago.

Abu ɗaya dai. Da suna zagaya fili ya ɗago kai wajenmu, nayi ta ɗaga hannu, ban sani ba ko ya ganni. Har yanzu bai kira ba. Amma ai ɗan wasan ƙasa ne, aiki ya mashi yawa.

Ƙaninki da bai taɓa kuskure ba,
Dilwyn


Cardiff, Litinin

Baba,

Ina kwana. Na gan ka. Duk filin ma sun gan ka.

Hular ƙasar da aka ba ni, Mama zan ba. Rigar da na buga da ita ta kulob ce, zan kawo ranar Asabar. Elfed ya ce shugaba ke rataye ta, na ce a'a, kai za ka rataye.

Da na duƙa, buhun dankalin nan na tuna. Na gode.

Amma Baba don Allah kada ka yi jawabi.

Ɗanka,
Iestyn


Cwmderw, Lahadi

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, muryata ta tafi. Ga takardar yaron nan na haɗo maki, ki karanta ki maido mun abata.

Na rataye riga. Tana nan a miƙe.

Nayi jawabi. Shi yaron ya riƙe mun tsani.

Dil