Takardar da Malama Hauwa Ta Karanta Miki

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan rahamar Allah ta iske ki a makwancinki. Ɗanki ne, daga Azare.

Na shiga kwaleji, Inna. Ni ɗin nan da na koyi haɗa baƙi da allunan shaguna da tsofaffin jaridu. Akwai kwas ɗin rubutu a ciki, na kuwa shige shi da girman kai, don a ganina babu mai koya min zuba magana. Kin san bakina.

Malamarmu 'yar Tafawa Ɓalewa ce, Malama Rifkatu. Dokarta ɗaya: ba mai karanta aikinsa da kansa. Ka miƙa wa na kusa da kai ya tashi ya karanta, kai kana zaune ba ta cewa. Takan ce, "Ranar da takarda za ta yi magana, mai ita ba ya wurin."

Na cika shafi biyu ina caccakar 'yan acaɓan gari. Wata mai sanyin murya ta karanta. Abin da na ɗauka gwaninta ce ya riƙa fita daga bakinta kamar mari. Aji na dariya, ni kuwa ba na ajin. Ina tsakar gidanmu a Bulkachuwa.

Kin tuna akwatin ƙarfena. Shekara shida ina tara yagaggun littattafai a ciki. Damina ta jiƙa itace, kika hura wuta da wasu, wasu kika naɗe ƙosai. Da ƙanwata Zainabu ta faɗa min, ban kira ki ba, don na san muryarki kaɗai za ta sauke ni. Da gangan na zaɓi takarda, na ba direba a tasha. Sau biyu na rubuta "jahilci", har da jan layi a ƙasa.

Na san ba ki karatu, ai da shi na goranta miki. Abin da duk wayona bai kawo min ba shi ne dole sai wani ya karanta miki. Wato sai da kika yafa mayafi, kika tsallaka gidan maƙwabciyarmu Malama Hauwa, kika zauna ɗanki ya zage ki da bakinta. Sati uku bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ki. Na iso har an dawo daga maƙabarta.

Yanzu in na yi rubutu sai ya kwana uku kafin ya fita hannuna. Ina soke rabinsa. Malama Rifkatu ta ce na fara jin mai sauraro. Ba ta san ke ce nake gani zaune a bayan aji ba, kin tallabe haɓa.

Hutun nan na je wurin Malama Hauwa, ina fatan ta ce ta tsallake munanan wuraren. Ta ce ta gwada, kika ce takardar ta fi haka tsawo, kika sa ta bi layi-layi da yatsa. Da ta gama kika ce ta maimaita. Sannan kika kira ni da sunan tsokanar nan naki, kika ce, "Ashe Modibbo ya iya rubutu haka."

Da tsine min kika yi, wallahi da ya fi min sauƙi.

Zainabu ta tsinci takardar a ƙasan kwallarki, a ninke cikin leda. Ita kaɗai ce tawa da ba ki ba wuta ba.

Wannan takardar ma ta kwana ukunta. Ranar Juma'a zan kai wa Malama Hauwa ta karanta a tsakar gidanta, ni in zauna inda kika zauna, ba ta cewa.

Ki yafe min, Innata. Allah ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki littafinki a hannun dama.

Naki,
Modibbo