Gafarar da Na Karɓa Bisa Kuskure

Sadiq Tambari,
Mai gyaran injin ban ruwa,
Sakajiki, Ƙaura Namoda.
22 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita,
Asibitin Tudun Rahama.

Game da: Jinkirin sakamakon hoton zuciyata

Ranka ya daɗe, gafarar da aka yi wa mutum don ana zaton mutuwa zai yi, in bai mutu ba, tana nan ko ta warware? Na duba littattafaina, ban samu amsa ba.

1. Ran 26 ga Fabrairu likitanku ya ce bawul ɗin zuciyata, wato marfin da ke hana jini komawa baya, na yoyo, amma gwajin farko bai nuna girman yoyon ba, sai an yi hoton maganaɗisu. Aikina ya sanar da ni makomar injin da bawul ɗinsa ya lalace.

2. Ran 4 ga Maris aka cire mini zobe da makullai, aka tura ni cikin na'urar. Tana ƙara kamar injin niƙa, ana ta cewa in riƙe numfashi. Na riƙe.

3. Sakamakon bai iso hannuna ba sai 15 ga Afrilu, alhali hatiminsa na 6 ga Maris ne. Yoyon kaɗan ne! Ba tiyata, sai dubawa duk shekara. Mai ɗakina Mariya ta shaida cewa na yi rawa a tsakar gida, abin da ban yi ba ko a bikinmu.

4. Cikin kwanakin shirun na ɗauka abin ya fi ƙarfin faɗa. Na bi dangi har Birnin Tsaba ina neman gafara. Yayana Na'Allah, wanda shekara goma sha ɗaya ba ma gaisawa saboda iyakar gona, ya yafe mini yana hawaye, har ya riƙa goya ni a babur. Yanzu cewa yake dabara na yi masa. Ya ce ba zai sake goya ni a babur ɗinsa ba.

Ina roƙo da girmamawa a binciki inda takardar ta kwanta, kuma a ba ni wasiƙa mai hatimi da ke tabbatar da cewa ban san lafiyata ƙalau ba sa'ad da na roƙi yayana gafara. Jinkirin ya cuce ni, shi ne kuma ya maido mini da ɗan'uwana. Shi ya sa ban nemi a hukunta kowa ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Sadiq Tambari

Ƙari: Na'Allah ya ce sai ya ji daga bakin likita da kunnensa. Ga shi a ƙofar gida ya tayar da babur, ya matsa gaba ya bar mini wuri.