Motar Maigidana Tana Zabura in Ya Murɗa Makulli

Anti, don Allah ki taimake ni, ina cikin tashin hankali. Ni ban iya rubutu ba, magana nake yi maƙwabciyata tana sawa a takarda, in na haɗa kai da ƙafa ki yi haƙuri.

Maigidana direba ne, burodi yake rarraba wa shaguna da wata ƙaramar motar kaya. A tsakar gidan da muke haya take kwana, hancinta na kallon ƙofar ɗakinmu. Muna da yarinya ɗaya, bana ta fara tafiya, muna ce mata Tsigi don ƙanƙantarta. Da ta ji ƙarar makullai sai ta kwasa a guje wajen ubanta.

To motar nan kulocinta ya lalace, abin nan da ake takawa kafin a sa giya. Ni ban san mota ba, abin da na gani nake faɗa miki. Da safe in ya taka abin, sai ya nutse ƙasa ya ƙi dawowa, sai ya sa yatsan ƙafa ya ɗago shi. In injin na aiki giya ba ta shiga, sai wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Shi ne ya samo dabara. Sai ya sa giyar tun motar na kashe, sannan ya murɗa makulli. Anti, tsalle take yi. Zabura take kamar an tsikare ta, sai ya kama sitiyari ya juya ta zuwa ƙofar gida. Har dariya yake, wai doki ya saya bai sani ba.

Shekaranjiya ina yi wa Tsigi wanka a baho, nan gefen ƙofa. Na ɗauke ta ke nan, ko zane ban rufa mata ba, sai na ji ƙaf! Motar ta hau bahon. Ta murƙushe shi, ruwan sabulu ya fallatso mini har ƙirji. Ban yi kuka ba, zama kawai na yi a ƙasa. Shi ma ya fito, ya karɓe ta yana ta jujjuya ta. Na ce shi ke nan, yau za a gyara. Ina! Ya sayo sabon baho, ya ce daga yau in dinga yi mata wanka a bayan ɗaki.

Kada ki ce mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Matsalar Kawu ce. Ƙanin mahaifiyarsa ne, makanike, shi ya riƙe shi, shi ya koya masa tuƙi. Kwanaki Kawu ya sauke injin ya canza farantin kuloci da hannunsa, da ciwon bayansa da komai, ya ƙi karɓar ko sisi. Motar ta yi daɗi kaɗan, sai wannan sabon ciwon ya ɓullo. Yanzu duk sanda suka gaisa Kawu ya tambayi mota, sai maigidana ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau take kamar sabuwa. Ya ce da wane baki zai ce wa mutumin da ya goye shi aikinsa bai yi ba? Wani garejin kuma ba zai je ba, wai makanikai duk sun san juna, kafin ya dawo gida labari ya isa kunnen Kawu.

Kullum sai ya buɗe gaban motar ya ƙara mai a wani ɗan kofi, kullum kofin sai ya sha. Ni ke wanke masa takalmi, na hagu kaɗai ke yin santsi, tabarmar ƙarƙashin ƙafarsa ma a jiƙe take. Na faɗa masa, ya ce yaushe na zama injiniya.

Na yi tunanin in ɓoye makullin. Na yi tunanin in je wajen matar Kawu a ɓoye, amma ina tsoron ya ce na tona masa asiri a danginsa. Yanzu ko cokali ya faɗi sai na zabura in lalubi yarinyar. Anti, ya zan yi?

Uwar Tsigi

AMSA

Ƙanwata, Allah ya tsare, kuma tsoronki a kan hanya yake. Sabon baho ba gyara ba ne.

Na kai bayaninki wajen wani tsohon makanike. Ya ce bai ga motar ba, amma alamun sun fi kama da yoyon mai. In faranti ne ya cinye, injin zai yi ta ihu mota ba ta gaba, har da ƙaurin ƙuna. Abin takawa da ke nutsewa, mai da ke raguwa, da takalmin hagu mai santsi, sun nuna robar famfon kuloci na sama ce ta saki, wanda ke daidai saman ƙafar direba. Gyaransa bai kai sauke inji ba. Ya ƙara da abin da ya tayar mini da hankali: wasu motocin kofin mai ɗaya ne ke ciyar da kuloci da birki. Ko ba haka ba, wanda kulocinsa ba ya saki zai sha wuya wajen tsayawa a mararraba. Haɗarin bai tsaya a tsakar gidanku ba.

Kin ga ke nan wataƙila aikin Kawu bai ɓaci ba sam. Wani wuri ne daban ya lalace. Kunyar mijinki tarbiyya ce, ban raina ta ba, sai dai ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Makaniken da ake ce wa lafiya lau ba zai gyara abin da bai sani ba. Ranar da Kawu zai ji labarin nan daga bakin maƙwabta, ranar ce zai ji ciwon gaske.

Kada ki ɓoye makulli, rigima kawai zai haifar. Kada kuma ki je wajen matar Kawu a ɓoye. Ki zaunar da shi yau bayan ya ci abinci, ki ba shi kalaman da zai iya faɗa wa Kawu ba tare da jin nauyi ba: farantin da Kawu ya sa yana nan garau, sai dai mai na zuba a ƙafarsa, a zo a duba. In ya amince, Kawu ya zo ya sami motar a gida, ko a ja ta, kada a tuƙa ta. In ya ƙi, ki gaya masa a fuskarsa cewa gobe za ki je gaida Kawu, kuma in ya tambaye ki ba za ki yi ƙarya ba. Sai ki je.

Kafin nan, kada ya taɓa makulli sai yarinyar tana goye a bayanki, yaran maƙwabta ma suna cikin ɗakunansu. Wannan ba roƙonsa za ki yi ba. Fushin miji yana hucewa, kin kuwa ga abin da taya ta yi wa baho.

Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya, ya raya Tsigi, ya sa kawunku ya ji daga bakin ɗansa.