Wai Duniya Ta Zama Ta Amurka

Laraba da dare, Abakpa.

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a taron ma'aikatan gidan talabijin ɗinmu, shugabanmu Alhaji Garba ya ture wasan Hausa da na yi wata uku ina rubutawa. Ko shafi na biyu bai buɗe ba.

Ya ce, "Binta, duniya ta zama ta Amurka. Jikokinki ma da Turanci za su riƙa mafarki."

Kowa ya kwashe da dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, leƙa sinima ka gani. Kan fim ɗin Indiya ake turereniya, yaran unguwa kuma faɗan 'yan Caina suke kwaikwayo. Gabas na tasowa, mu ma ranarmu na zuwa."

Wai in bar duba in kama aiki. Duba! Shi da ya fara hasashen ba boka ba ne, sai ni?

Na ɗauke takarduna daga teburinsa. Mijin Yaya Asabe yana da kyamarar ɗaukar biki. Ranar Asabar zan je aro. Ko a tsakar gidanmu ne, wallahi sai mun ɗauki wasan nan.