Kwan Zabin Surukar Uzairu

Assalamu alaikum kanena Uzairu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kuna lahiya, kai da maidakinka da diyarku Raliya, Allah shi tsare ku da sanyin Kanada. Mu nan Illela kalau muke. Kahwar Inna tayi sauki, ni ko kiba nikai har tela ya hwara kuka dani.

To ga magana. Tunda ka auri diyar kabilar Ilnu, 'yan asalin kasar na bakin tabkin garinku, Inna bata da kwanciyar rai, wai jikarta zata tashi ba Hausa, ran da taz zo gida sai an nemo tahinta. Nic ce mata ga ni, tunda wajenku Hwaransanci aka yi, Hwaransancin da nis sha kasuwar Konni ko gwamna sai ya buda littahi. To Jumma'a da ka kira bidiyo kab ba surukarka waya, tsohuwa tana murmushi tana ta kwai, kwai. Nan take nig gaya ma Inna baiwar Allah kwai taka roko, don kasar da tabki ka daskarewa har a huda shi a kama kihi, wace kaza zata iya? Nit tahi Amarawa da kaina nis samo kwan zabi kwarya guda. Sai ga sakonka wai kwai sannu ce ga harshensu. Yanzu duk bakin boda Mai Kwai aka kirana. Ba komi, gwanin ruwa shi ruwa ka ci.

Amma da nik karanta ma Inna sauran sakon, cewa tsohuwar tun tana yarinya anka hana ta harshenta makaranta, yau masu jinshi kadan sunka rage, shi yas sa tar rantse Raliya sai ta rike nata da namu duka, wallahi Inna sai da ta share hawaye. Sannan muryar da ka turo, ka kira Raliya ta amsa ma da Hausarmu, mi? Ba me irin ta Kanawa ba! Inna ta saurara yahi sau goma, makwabta duk sun ji.

Yanzu Inna na ta gwaji, wai Jumma'a mai zuwa ita zata riga surukarka cewa kwai. Kai ko ka koya ma tsohuwa lahiya lau.

Zulaihatu da Baffa Attahiru suna gaisheku. Kwan zabin kada ka damu, na cinye su da sunan surukarka, ka gaya mata sun yi dadi.

Yayanka, tahintan Illela,
Maccido