Ƙuri'a Ɗaya a Akwatin Yaya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Tunda wayata ta zama abin tsoro a gidanki, na koma takarda kamar mutanen da.

Abin da kika ji gaskiya ne, ba zan janye ba. Na tsufa ina shugabar mata a jam'iyyar nan. Ni ke tara mata a cika fili, ni ke jera kujeru, in an zo zama a ce mu koma baya mu yi tafi. Da muka nemi a ba mata kasonsu a muƙamai, sai aka sayo mana sabuwar atamfa. Yanzu na fito neman tikitin shugaban ƙasa, sai manyan jam'iyya suka aiko wai ranar zaɓen fidda gwani in hau mumbari, in ɗaga hannun ɗan takararsu, Ranka-ya-daɗe, in ce na janye masa saboda haɗin kai. Wai za a tafa mini. Na ƙoshi da tafi, Auta.

Ofishin kamfe ɗina ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela. Matan da suka rantse suna bayana sun zame ɗaya bayan ɗaya. Jiya ni na share, na zauna ina sauraron keken ɗinki har la'asar. Kaɗaici yana cina, ba zan ɓoye miki ba.

Kin san ɗan takara ba ya jefa ƙuri'a, sai daliget. Ke kuwa daliget ce. Ni dai ban ce komai ba.

Ki shafa mini kan yara.
Yayarki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi. Yara suna ta tambayarki.

Kin ce ba ki ce komai ba, alhali kin gama faɗin komai. Kin san baban yara ne mai magana da yawun Ranka-ya-daɗe, kuma shi ya sa sunana cikin daliget don a cike gurbin mata. Kin fi ni sanin yadda ake yi. Mu mata ana jera mu layi guda, wakilin yankinmu ya tsaya bakin tebur, ya karɓi biro, wai yana taimaka mana da rubutu. Har da ni da nake koyar da lissafi!

Don girman Allah ki janye. In aka juye akwatinki a gaban talabijin aka ce babu ko ɗaya, ni zan fi ki jin ciwo.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki.

*

Autata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Kin gan ni a mumbari? Ina tsakiyar magana suka kashe lasifika, na ƙarasa da muryar da Allah ya ba ni. Babu wanda ya tafa, kuma wallahi shirun ya yi mini daɗi.

Da aka ware wa kowane ɗan takara ƙuri'unsa aka zo ƙirga, aka kifa akwatina, takarda ɗaya ta faɗo. Mai ƙirga ya ɗaga ta sama ya ce, "Ɗaya!" Fili ya kwashe da dariya. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, don na san hannun da ya rubuta ta. Na koma ofis na tarar tela ya rufe, babu wanda zan gaya wa, shi ya sa na zauna rubuta miki.

Na san abin da kika jawo wa kanki a gida. In baban yara ya ɗauki zafi, ƙofata a buɗe take. Wayoyin da kika ƙi ɗagawa duk na yafe. Ashe ina da 'yar'uwa a jam'iyyar nan.

Allah ya yi miki albarka.
Yayarki mai alfahari da ke.

*

Yaya,

Na gaishe ki. Takardarki ta iso.

Ba ni ba ce. Na riƙe biro, wakili ya miƙo hannu, na ba shi. Wata ce a layinmu ta hana shi, na ji muryarta tana cewa ta iya rubutu. Ban ga fuskarta ba, kaina yana ƙasa.

Ki kira ni in za ki iya. Zan ɗaga.
Ƙanwarki.