Simintin Ɗakin Gwaggo Zinariya

Ƙofar Ruwa, Birnin Kano,
14 ga Yuli, 1955.

Zuwa ga ƙanena Ashafa, a Kumashi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Binta da yara duka. Allah ya sa albarka a fataucin goro a can Gwanja, ya kare ka daga sharrin hanya, ya dawo mana da kai cikin rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙanwarmu Uwani ta sauka lafiya, an sami mace, an mayar da sunan Inna. Damina ta kankama, geron bayan gida har ya wuce gwiwa. Kada ka yi mamakin karkacewar rubutun nan, hannuna ne. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da tsufana, don na gaji da ba mutane saƙo suna rage masa zafi kafin ya iso gare ka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rufin ɗakin Gwaggo Zinariya, wadda ta riƙe ka tun daga yaye. Ka san yadda ake yi a gidan nan tun Baba yana da rai. Kowace bazara Tanko magini zai kafa tsani ya hau soro, ya tuge ciyawa, ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, ya tone bakin indararo, sannan ya shafe saman da makuba don kada ruwa ya ratsa. Shekara talatin ana haka, ko ɗigo bai taɓa sauka a kan gadon Gwaggo ba. To, bana autanmu Sabo, wanda tun da ya sami aikin akawu a kantin masu sayen gyaɗa yake tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba, ya ce shafe-shafen taɓo aikin mutanen da ne. A tsaye ya sallami Tanko a zaure, ko tabarma bai shimfiɗa masa ba, mutumin da ya girmi ubansa a sana'a. Ya ɗauko wani birkila daga Fage wanda bai taɓa murza tubali da hannunsa ba, aka malale saman soron da siminti. Tanko ya gaya masa siminti ba ya kama ƙasa, rana za ta fasa shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa ta inda zai fita. Sabo ya yi dariya ya ce ba a koya wa wanda ya yi makaranta sha'anin zamani.

Bai tsaya nan ba. Indararo biyun da ke zuba a titi, ya sa aka cire su aka toshe gurbinsu, wai suna fantsama wa kekensa ruwa, suna ɓata farar ƙasar da ya shafa a fuskar gida. Aka bar guda ɗaya tal ta baya. Da aka gama, ya tara abokansa masu gajeren wando a zaure suna ta yaba masa, kai ka ce shi ya gina ganuwa.

Gwaggo ce ta fara ganewa, ita da idonta ya yi rauni. Ranar da aka yi ruwa na uku ta kira ni ta ce in saurara. Ana sheƙa ruwa, amma indararon baya ɗiga kawai yake yi, alhali a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙararsa. Ta tambaye ni, ruwan da bai sauko ba, ina ya tafi. Bayan kwana kaɗan ɗakin ya fara warin rima, tufafin cikin adaka suka yi fumfuna. Sai ƙofa ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Sai wani baƙin tabo ya fito a kusurwar gabas, kullum yana ƙara faɗi. Daga nan ƙasa ta fara zubowa daga tsakanin azara, siririya, har cikin kokon da take sha da safe. Ban yi karatun akawu ba, amma na san rufin da ke sakin ƙasa sallama yake yi.

Na kai wa Sabo maganar. Ya shigo ɗakin da takalminsa, ya ɗaga kai na ɗan lokaci, ya ce sabon siminti ne yake zufa, haka yake yi a gidajen Turawa. Washegari ya zo da farin yadin akoko ya sa aka kafe shi a ƙarƙashin azara, wai silin. Dabarar mai ilimi ke nan, tun da ido ya daina gani, ciwo ya warke. Yanzu akokon ya tara ƙasa ya yi tumbi yana reto a kan gadon tsohuwa kamar cikin akuya mai shirin haihuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na aika aka roƙi Tanko ya zo, na ba shi haƙuri a kan wulaƙancin da aka yi masa. Ya hau sama ya ƙwanƙwasa simintin, ya ce ƙararsa ta ƙwarya ce, ya riga ya rabu da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ga tsaga ko'ina. Ya sauko ya ɗage akokon, ya danna yatsa a kan azara inda ta shiga bango, yatsan ya nutse. Ya ce uku sun ruɓe, rufin nan ba zai ƙetare markar watan gobe ba. Sai a fitar da Gwaggo, a tokare da gwafa, a fasa simintin, a buɗe indararo, a sake azara. Amma ya ce magini ba ya fasa aikin wani sai da izinin mai gida, kuma mai gida kai ne.

Da yamma na tare Sabo na wanke shi tas. Ya bari na gama, sannan ya yi murmushin nan nasa ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini, ya manta yanzu ina haɗa baƙi. Na karanta da kaina, Ashafa. Hannunka ne. Kai ka rubuto a yi wa ɗakin Gwaggo siminti irin na gidajen Kumashi, a daina shafa mata taɓo kamar gidan matalauta. Wata biyu ina raina wayon Sabo, ashe shi ɗan aike ne kawai, babban gwanin yana can Gwanja. Shekara tara ba ka ga daminar Kano ba, amma daga bakin rumfar goro ka san abin da ya dace da soron da ubanka ya gina. Na ji kunya, kuma na ji haushi, don da kai nake yi wa Sabo gori.

Abin da ya fi ci mini rai, Sabo ya riga ya karanta wa Gwaggo takardar. Na roƙe ta ta dawo ɗakina, Uwani ta roƙa, Tanko ya roƙa. Ta ce ta san rufin ba lafiya, ita ta fara faɗa, amma ba za ta fita daga ɗakin da mutumin Gwanja ya gyara mata ba, don ka san har yau ba ta kama sunanka. Ta ce in ta fita, unguwa za ta ce ɗanta ya yi abin kirki ta watsa masa ƙasa a ido. Sai in kai ka ce ta fita.

Saboda haka ranar da takardar nan ta same ka, kada ka tsaya rubuta amsa mai tsawo. Je gidan waya ka bugo cewa Gwaggo ta fita, Tanko ya fasa. Kafin nan na kwashe tabarmata na koma ɗakinta, in rufin ya tashi faɗowa ya same mu mu biyu. A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wani abu a ƙulle cikin tsumma. Guntun azarar da Tanko ya ɓantaro da yatsa ne. Murza shi ka gani, shi ne ke riƙe da rufin da ke kan matar da ta goya ka.

Ka gaishe mini da Binta, da Garba da Isiyaku, da Malam Haruna mai masaukinku. Uwani da mijinta suna gaisuwa. Gwaggo ma tana gaishe ka. Ta ce lalle in rubuta maka ta gode da siminti, kullum bayan sallar asuba tana sa maka albarka. Ga shi na rubuta.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Turai.